Sake gina nono bayan tiyatar sankarar mama: yadda ake yin aikin da abin da ke ɓata shi

Kafin likitan fiɗa ya yi maganar girman nono ko siffarsa, akwai tambayoyi biyu da yake neman amsarsu. Fatar da za a bari a ƙirji bayan an cire sankarar, jini na isarta yadda ya kamata? Sannan, za a yi wa wurin gashi, wato ƙona ƙwayoyin sankara da hasken na'ura, bayan tiyata ko ba za a yi ba? Kusan duk hukuncin da zai biyo baya, ko a sa silikon, wato jaka mai laushi da ake cike gurbin nono da ita, ko a ɗauko nama daga jikin matar, ko a yi aikin nan take ko a jinkirta, daga amsar waɗannan biyu yake fitowa.

Abin da ake nufi da sankarar da aka gano da wuri shi ne wadda ke mataki na 0 zuwa na 2: galibi ƙullun bai wuce santimita 5 ba, ƙila ya taɓa 'yan kaluluwar hammata, amma bai isa huhu ko hanta ko ƙashi ba. Yawancin masu irin wannan suna rayuwa shekaru masu yawa bayan magani, don haka ƙirjin da za su zauna da shi ba ƙaramar magana ba ce.

A da ba a damu da hakan ba. Tiyatar da William Halsted ya bayyana a Amurka a 1894 tana kwashe nono da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata gaba ɗaya, kuma ita aka bi har kusan shekara 80. Binciken Umberto Veronesi a Milan ta Italiya, wanda ya fito a 1981, da na Bernard Fisher a Amurka a 1985, su suka karya wannan al'ada. Sun nuna cewa cire ƙullun kaɗai tare da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire nonon duka, kuma da aka sake duba matan bayan shekara 20, a 2002, sakamakon bai canza ba. Tun daga nan hanya ta rabu biyu, kowace da irin gyaranta.

Idan ba a cire nonon duka ba

Cire ƙullu yana barin rami. A makonnin farko ruwa ne ke cika ramin, sai nonon ya yi kyau har a ɗauka an gama. Bayan gashi ruwan ya tsotse, nama ya ƙanƙance, sai fata ta lotsa, kan nono ya karkata ya bi wajen tabon. Gyara wannan daga baya yana da wuya ƙwarai, domin naman da ya sha gashi ba ya warkewa da sauƙi. Shi ya sa ake son a cike ramin a ranar da aka yi shi.

Abin dubawa shi ne rabon da aka cire daga nonon, ba nauyin ƙullun kaɗai ba. Giram 80 ba komai ba ne a babban nono, amma a ƙarami yana iya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Tsarin da Krishna Clough na Faransa ya wallafa a 2010 ya raba aikin gida biyu. Idan abin da za a cire bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ana sakin naman da ke gefen ramin daga fata da kuma tsokar ƙirji, a jawo shi a haɗe, a ɗan matsar da kan nono nesa da tabon. Idan ya kama daga kashi 20 zuwa 50, sai a koma ga dabarun rage girman nono: a cire ƙullun a cikin yankin da dama za a yanke, a ɗaga kan nono bisa wani ginshiƙin nama mai ɗauke da jininsa, a sake ɗinke nonon ya zama ƙarami amma cikakke. Wurin da ƙullun yake ma yana da tasiri. Gefen sama na wajen hammata yana da nama da yawa, yana jure asara. Gefen sama na wajen tsakiyar ƙirji da ƙasan nono kuwa ba sa yafiya, 'yar asara kaɗan sai ta fito fili.

Nonon da kitse ya fi yawa a cikinsa ba ya son a sake shi ta sama da ƙasa a lokaci guda. Jijiyoyin jininsa ƙanana ne, idan aka katse su ta fuska biyu sai kitsen ya mutu ya zama ƙullu mai tauri. A ƙaramin nono kuma babu naman da za a jawo, sai a aro daga waje: a ɗebo fata da kitsen gefen ƙirji, ƙasan hammata, a juyo su cikin ramin ba tare da an yanke jijiyar da ke ciyar da su ba.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko gefen naman da aka cire. Ƙa'idar da aka amince da ita tun 2014 ita ce, a sankara mai kutsawa, wato wadda ta fita daga magudanar nono ta shiga naman kewaye, kada tawadar da aka shafa a gefen naman ta taɓa ƙwayar sankara idan aka duba a madubin gwaji. A wadda ba ta fita daga magudanar nono ba kuwa ana neman tazarar milimita 2. Wani bincike a Ingila da ya fito a 2012 ya gano cewa mace 1 cikin 5 tana komawa ɗakin tiyata bayan cire ƙullu, kuma idan an riga an jujjuya nama, gano ainihin gefen da ya rage yana wahala. Na biyu, dole a bar ƙananan maƙalan ƙarfen titaniyom a bangon ramin kafin a rufe, don likitan gashi ya san inda zai auna. Tabon fata ba ya nuna masa komai bayan irin wannan aiki.

Idan za a cire duka: maganar fata

Nono yana kwance ne a cikin jakar fata. Likitan sankara yana cire abin da ke ciki, ya bar fata da siririn kitsen da ke ƙarƙashinta, kuma a cikin wannan kitsen jijiyoyin da ke ciyar da fatar suke. Idan ya fere ta da yawa, fata ta mutu. Idan ya bar ta da kauri fiye da kima, ya bar naman nono, wato ya bar haɗari. Babu wani kauri guda da ya dace da kowa, domin siririyar mace da mai jiki ba ɗaya ba ne. Akwai wani layi na halitta tsakanin kitsen fata da naman nono, shi ake bi. A ganinmu wannan mataki ya fi kowane muhimmanci, kuma sau da yawa ba mai gyaran ne ke yin sa ba. Komai gwanintar mai gyara, fata marar jini ta fi ƙarfinsa.

Tun 1991 aka fara maganar cire nono a bar yawancin fatarsa, daga baya aka kai ga barin kan nono da baƙin da ke kewaye da shi. Ana barin kan nono idan sankarar ba ta taɓa shi ba, babu jini da ke fita ta cikinsa, kuma naman da aka yanko daga bayansa aka gwada ya fito ba sankara. Idan gwajin ya nuna akwai, a cire shi, babu ciniki. Inda aka tsaga ma yana da tasiri: tsagar da ta bi lanƙwasar ƙasan nono ta fi kiyaye jinin kan nono, wadda ta kewaye baƙin kuwa ta fi kashe shi. Jijiyoyin da ke fitowa daga tsakanin haƙarƙari kusa da ƙashin tsakiyar ƙirji, musamman ta biyu, su ne abincin fatar, kuma ƙwararre yana lallaɓa su. Jan fata da ƙarfi da ƙugiya da yawan ƙona jijiyoyi da na'urar wuta suna yin ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da gefen ɗinki zai fara yin baƙi.

Ana gwada lafiyar fata a kan teburin tiyata: a duba ko gefenta na fitar da jan jini, ko a yi allurar wani koren rini a jijiya a haska da kyamara ta musamman, inda bai kai ba a yanke. Shan taba, ciwon suga da bai daidaita ba, ƙiba, babban nono mai zubewa da tsohon gashi, duk suna ƙara yiwuwar mutuwar fata. Mai shan taba ana so ta daina aƙalla mako 4 kafin aiki, har da duk wani abu mai nikotin.

Silikon

Sa silikon ita ce hanyar da aka fi bi a ƙasashe da dama, don aikin gajere ne, awa 1 zuwa 2 a kan na cirewar, kuma ba a yanka wani wuri a jiki. Thomas Cronin da Frank Gerow ne suka fara sa jakar silikon a Amurka a 1962, jakar miƙa fata kuma Chedomir Radovan ya bayyana amfaninta a nono a 1982.

Ana yi a zango biyu ko a ɗaya. A zango biyu, ana fara sa jaka wadda ba a cika ba, mai wata ƙofa da ake nemowa da maganaɗisu ta kan fata. Bayan mako 2 ko 3, idan ɗinki ya kama, a riƙa zuba ruwan gishiri mililita 50 zuwa 100 duk mako ɗaya ko biyu har fata ta miƙe. Bayan 'yan watanni a sake shiga a musanya ta da silikon na dindindin. Amfanin wannan shi ne ba a ɗora wa fata nauyi a lokacin da take da rauni, kuma idan ta nuna alamar wahala sai a zuƙe ruwan. Yawancin waɗannan jakunkuna ba a shiga na'urar MRI da su saboda maganaɗisun. A zango ɗaya kuwa ana sa silikon ɗin kai tsaye. Ya dace da ƙarami ko matsakaicin nono mai lafiyayyar fata. Wani gwaji a ƙasar Holan da aka wallafa a 2017 ya sami matsaloli da yawa a zango ɗaya fiye da biyu, darasin kuma shi ne zaɓen wadda ta dace, ba gaggawa ba.

Sai inda za a ajiye shi. A ƙarƙashin babbar tsokar ƙirji, silikon yana samun mayafi mai jini, amma akwai ciwo, kuma duk lokacin da matar ta matse hannu ko ta ɗaga kaya sai nonon ya motsa ya murɗe. A saman tsoka babu wannan matsala, sai dai fata kaɗai ke tsakanin silikon da waje, don haka idan siririya ce ana ganin gefensa da tamojinsa. Tun 2005 ake amfani da wani shimfiɗi don tallafe silikon, wanda aka sarrafa daga fatar mutum ko ta alade ko ta saniya bayan an wanke ƙwayoyin halittarta, akwai kuma raga ta roba. Haƙƙin mara lafiya ne a gaya mata daga me aka yi wanda za a sa mata tun kafin ranar aiki.

Matsalar silikon ita ce ba shi da jini, don haka ba ya kare kansa. Ƙwayoyin cuta, yawanci irin waɗanda ke zaune a kan fata, suna manne masa su yi wani yauƙi da maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan wurin da fata ta mutu a bakin ɗinki, ko ruwan da ya taru ya daɗe, shi ne ƙofar. Shi ya sa ake ba da magani kafin a tsaga, a wanke ramin, a canza safar hannu kafin a taɓa silikon, a bar robar janye ruwa har abin da take fitarwa ya sauka ƙasa da mililita 30 a awa 24. Baƙin da ya bayyana a bakin ɗinki kuma gara a yanke shi a sake ɗinkewa da wuri, da a zauna jiran ya warke da kansa. Wani babban bincike a Birtaniya da ya bi mata fiye da 2,000, aka wallafa a 2019, ya gano cewa cikin wata 3 kashi 9 cikin ɗari sun rasa silikon ɗinsu, kashi 25 kuma an yi musu maganin ƙwayoyin cuta. Alƙaluman sun fi abin da likitoci da yawa ke zato.

Idan an tsallake watannin farko, saura tantani. Jiki yana naɗe duk baƙon abu da tantani, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne idan tantanin ya yi kauri ya matse, sai nonon ya yi tauri, ya dunƙule, ya haura sama. Ana auna shi daga daraja ta 1 zuwa ta 4, a ta 4 har da ciwo, kuma ta 3 da ta 4 tiyata ce maganinsu. Silikon yana iya fashewa ba tare da wata alama ba, don haka hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. Akwai kuma wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki da ba ta cika faruwa ba, wadda ke tasowa a tantanin silikon mai kaushin baya. Saboda ita aka janye samfurin Biocell na kamfanin Allergan daga kasuwa a 2019. Alamarta kumburi ne na ruwa da ke zuwa shekaru bayan aiki, kuma duk irin wannan ruwa a zuƙo shi a gwada. Mace mai shekara 40 da aka sa wa silikon ta sa a ranta cewa da wuya ta ƙare rayuwa ba a sake taɓa shi ba.

Naman jikin mace

A nan ana ɗauko fata da kitse daga wani wuri tare da jijiyoyin da ke kai musu jini da masu mayar da shi. Abin da aka gina da rai yake: yana da ɗumi da laushi, yana ƙaruwa idan ta yi ƙiba, ya ragu idan ta rame. Kuɗinsa shi ne doguwar tiyata da tabo na biyu.

Hanya mafi tsufa ita ce ta faffaɗar tsokar gadon baya, wadda Iginio Tansini na Italiya ya yi amfani da ita tun 1906. Ana ɗago ta da wani yankin fata, a bar jijiyarta a haɗe a hammata, a zuro ta ƙarƙashin fata zuwa ƙirji. Jininta amintacce ne, ba ta buƙatar madubin tiyata, kuma ita ce abin ceto idan wata hanya ta gaza ko gashi ya ɓata fata. Amma namanta kaɗan ne, sau da yawa sai an ƙara silikon ko kitse. Taruwar ruwa a baya ita ce matsalar da ta fi yawa, ana rage ta da ɗinke fatar baya a jikin naman ƙasa wuri-wuri. Mai dogara sanda ko mai tura keken guragu tana buƙatar wannan tsoka, a bar mata abarta.

Mara ce ta fi ba da nama mai kama da nono. Carl Hartrampf ya bayyana aikin da ake kira TRAM a 1982: a ɗauki fata da kitsen ƙasan cibiya tare da miƙaƙƙiyar tsokar ciki, a juya su sama ta ƙarƙashin fata. Aikin yana yi, amma yana da rauni biyu. Jijiyar sama da ya dogara da ita ba ita ce babbar mai ciyar da mara ba, don haka kitse na yawan mutuwa. Rasa tsokar kuma yana raunana bangon ciki, ya jawo kumburi ko ƙaba. Isao Koshima da abokin aikinsa a Japan suka nuna a 1989 cewa ana iya ɗaukar fata da kitsen a bar tsokar, Robert Allen kuma ya kawo dabarar ga nono a 1994. Ita ce DIEP.

Ga yadda take tafiya. Kafin ranar aiki ana yin hoton jijiyoyin ciki da na'urar CT, a gano ƙananan rassan da ke huda tsoka su shiga kitse, galibi a kewayen cibiya. A ɗakin tiyata ana zana yanki daga ƙugu zuwa ƙugu, a fara ɗaga shi daga gefe har a iske rassan. A zaɓi 1 zuwa 3 mafi ƙarfi, kuma girman jijiyar mayar da jini da ke tare da reshen ya fi na mai kai jini muhimmanci wajen zaɓe. Sai a tsaga murfin tsoka, a bi reshen a hankali ta tsakanin zaren tsokar, ana ɗaure ƙananan rassa ɗaya bayan ɗaya, ana kauce wa jijiyoyin da ke motsa tsokar. Idan aka yanke waɗannan, an bar tsoka amma matacciya, cikin zai kumbura duk da haka. A ci gaba da bi har babbar jijiyar kusa da matsematsi, a sami tsawon kamar santimita 10 zuwa 12. Akwai wata jijiyar mayar da jini da ke kusa da fata a ƙasan mara, ana keɓe 'yan santimitoci nata a ajiye saboda ko-ta-kwana.

A lokaci guda wasu likitocin suna ƙirji suna buɗe jijiyoyin da ke bin gefen ƙashin tsakiya, ta hanyar cire ɗan guringuntsin haƙarƙari na 3 ko ta tsakanin haƙarƙari. Sai a yanke naman daga ciki, daga nan agogo ya fara, domin ba shi da jini har sai an haɗa, kuma ana so a gama cikin kamar awa ɗaya. Jijiyoyin faɗinsu milimita 2 zuwa 3 ne. Mai kai jini ana ɗinke ta a ƙarƙashin madubin tiyata da zare mai lamba 8-0 ko 9-0, wanda ya fi gashin kai siranta. Mai mayarwa kuma sau da yawa da wasu 'yan zobba biyu masu haɗewa ake haɗa ta. Idan jini ya gudana, a yanke ɓangaren da ya fi nisa da reshen a zubar, domin shi ne jini ba ya isa sosai, kuma kwaɗayin girma a nan shi ke haifar da mataccen kitse. A tsara sauran ya zama nono, a bar ɗan yankin fata a waje don sa ido, a rufe ciki, a fito da cibiya ta sabon rami. Gefe ɗaya yana cin awa 4 zuwa 8.

Kwana 2 zuwa 3 na farko su ne masu haɗari, domin a nan gudan jini ke toshe mahaɗa. Ana duba naman duk awa a ranar farko. Idan mai kai jini ce ta toshe, naman zai yi fari, ya yi sanyi, ya saki, a soka allura ba jini. Idan mai mayarwa ce, kuma ita ta fi yawa, zai kumbura ya yi tauri, jinin da zai fito baƙi ne. A fata mai duhu canjin launi ba ya saurin bayyana, kuma wannan ya sa an yi asarar naman da za a iya cetowa. Dole ma'aikatan jinya su dogara da na'urar sauraron bugun jini, da ɗumi, da taurin naman, da launin jinin da allura ta fitar. In an yi shakka a koma ɗakin tiyata nan take, kada a bari sai safiya. A cibiyoyin da suka saba, asarar naman gaba ɗaya ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, amma ba gwanintar hannu ɗaya ke kawo hakan ba, har da masu gadin dare.

Tabon tiyatar haihuwa na kwance ba ya hana DIEP a yawancin lokuta. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi kuwa an riga an yanke rassan. Mara sau ɗaya ake ɗaukarta, don haka idan akwai yiwuwar cire ɗaya nonon nan gaba, a yi lissafin tun yanzu. Siririyar da ba ta da kitsen ciki ana iya ɗauko mata daga cikin cinya ko bayanta, ko saman ɗuwawu.

Gashi da lokaci

Ana yin gashi bayan cire nono idan kaluluwa 4 ko fiye sun kamu, ko ƙullun ya wuce santimita 5, ko an sami sankara a gefen naman, kuma sau da yawa har ga mai kaluluwa 1 zuwa 3. Wahalar ita ce ba a cika sanin wannan tabbas ba sai sakamakon gwajin nama ya fito, bayan an riga an yi tiyata.

Gashi yana toshe ƙananan jijiyoyin jini, ya sa nama ya yi tauri, kuma aikinsa yana ci gaba shekaru. Wani bincike na cibiyoyi da yawa a Amurka da Kanada, wanda ya fito a 2018, ya nuna bambancin ƙarara. Cikin shekara 2, a cikin waɗanda aka yi wa gashi, kusan kashi 39 na masu silikon sun sami matsala, masu naman jiki kuwa kusan kashi 26. Gyaran ya rushe gaba ɗaya ga kusan kashi 19 na masu silikon, amma kashi 1 kacal ga masu naman jiki. Naman jiki ma yana ɗan ƙanƙancewa ya yi tauri, sai dai yana tsira.

Saboda haka idan ana zaton gashi, hanyoyi uku ne. A yi naman jiki nan take a yarda da ɗan canjin da zai biyo. A sa jakar miƙa fata ta riƙe wuri, bayan gashi a musanya ta da naman jiki. Ko a rufe ƙirji a jira aƙalla wata 6 bayan gashi, sanin cewa a lokacin fatar ƙirji ta ƙanƙance, sai an kawo fata mai yawa daga ciki ko baya. Miƙa fatar da ta riga ta sha gashi don a sa silikon kaɗai shi ne zaɓin da ya fi yawan ba da kunya. Kuma kowace aka bi, raunin da ya ƙi warkewa yana jinkirta maganin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, wannan jinkiri kuwa ya fi kowane tabo muni. Ga macen da haɗarinta ya yi yawa, jinkirta gyara hukunci ne mai kyau. Wadda ta ce ba ta son gyara sam ita ma tana da haƙƙin a rufe mata ƙirji sumul, ba tare da rarar fata a gefen hammata ba.

Abin da ya rage bayan babban aiki

Da wuya a gama a shiga ɗaya. Bayan kamar wata 3 ake komawa a daidaita. Ana zuƙo kitse daga ciki ko cinya da siririn bututu, a tace, a zuba shi zare-zare a wurare daban-daban inda aka lotsa ko inda gefen silikon ke nunawa. Idan aka tara shi wuri guda, na tsakiya ba ya samun jini, sai ya narke ya zama ƙullun mai. Wani kaso yana tsotsewa ko da an yi daidai, don haka akan maimaita. Ɗaya nonon kuma ana iya rage shi ko ɗaga shi su yi daidai. Kan nono shi ne na ƙarshe: a yanka 'yan fukafukan fata a naɗe su su tsaya, a yi shi ya fi girman da ake so domin yana lafawa da kusan rabi, sannan a yi zanen launi da allura. Mai fatar da ke yin tabo mai toho a tattauna da ita tun farko, domin kowace sabuwar tsaga sabon haɗari ce, musamman a tsakiyar ƙirji.

Nonon da aka gina ba ya shayarwa, kuma ba ya ji kamar da, ko da an bar kan nono, domin an yanke jijiyoyin ji. Wani abu yana dawowa cikin shekara 1 zuwa 2, wasu likitoci kuma suna haɗa jijiyar ji ta naman da ta ƙirji don a ƙara. Kafin nan fatar tana iya ƙonewa da ruwan zafi ko abin gasa jiki matar ba ta sani ba, kuma ƙuna a kan silikon tana iya kai ga cire shi.

Bincike bai nuna cewa sake gina nono yana dawo da sankara ba. Idan ta dawo a wurin, yawanci a fata ko ƙarƙashinta take fitowa, inda hannu ke iya jin ta. Mataccen kitse ma ƙullu yake yi, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma yatsa ba ya bambance su. Duk sabon ƙullu a nonon da aka gina a yi masa hoto, idan hoton bai warware ba a ɗebi nama da allura a gwada. Ɗaya nonon kuma a ci gaba da yi masa hoton mama kamar yadda aka tsara.